Darakta Ya Toshe Kunne

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, kuma ba ku da kunne. Biyu Allah ya ba kowannenku, duka biyun kun toshe da kiɗa. A kira ku ba ku ji, a aike ku ku dawo da abin da ba shi aka ce ba, mota ta danna muku hon a titi kuna tafe kuna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Da an yi magana ku ce tsohuwa ba ta waye ba. To, ni ban waye ba, amma ina jin abin da ake faɗa a gabana. Saura ƙiris rashin jin ɗayanku ya raba ni da ɗakina.

Jikana ne, ɗan ɗana. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ubansa kuma direban babbar mota ne da ba ya zama gari, don haka a hannuna ya tashi. Yana jami'a. Abin da aka tura shi ya karanta daban, abin da yake dawo mana da shi daban. Wannan hutun ya iso da jaka cike da littattafai masu kauri, da kwamfuta, da wata baƙar sifika da sai da ya rungumo ta da hannu biyu, da suma a kai kamar an kife masa kwando. A wuyansa akwai abin toshe kunnen nan marar igiya, mai kama da marfin gwangwani biyu da aka haɗa da baka. Da shi yake cin abinci, da shi yake wanki, da shi yake gaishe ni.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron yana son abubuwan nan da gaske. Zai kwanta rub da ciki a tabarma yana karatu har abincinsa ya huce, yana dariya shi kaɗai. Zai kalli fim ya share hawaye, alhali ciwon gwiwata bai taɓa sa shi ko tagumi ba. Da a nan ya tsaya, da na ce yarinta ce. Sai dai bai tsaya ba.

Gidan haya muke. Ɗakuna kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, da benci a ƙarƙashin baranda a ƙofar ɗakina, inda kowa ke zama ya sha iska. Ɗakina shi ne na bakin titi. A cikinsa mijina ya cika, a cikinsa na raini uban yaron da shi yaron. Gidan na Hajiya ne, gadon mahaifinta, amma ba ta cika leƙo mu ba. Mijinta ke zuwa, wanda muke kira Mai Haya, mutum mai baƙin gemu da farar riga, yana taku kamar shi ya ɗora kowane bulo.

Yaron bai daɗe da sauka ba ya kunna sifikar nan. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, jaririn maƙwabta ya farka, kafin in lalubo inda ake kashe ta Mai Haya yana tsaye a ƙofata.

Ya ce, "Inna, wannan shi ne na ƙarshe. In aka sake kawo min ƙarar yaron nan, ɗakin nan za ku bar min shi."

Na ce, "Rufin da ke yoyo a kaina fa, shi wa zan kai wa ƙararsa?"

"Ana kan duba shi."

"Tun waccan daminar ake dubawa. Idon bai gaji ba?"

Ya kaɗa riga ya tafi. Na juya kan yaron zan fara, sai ya ɗaga min hannu kamar ɗan sanda.

"Kaka, kwantar da hankalinki. Sai mutumin nan ya roƙe mu mu zauna. Fim zan haɗa a gidan nan."

"Me za ka haɗa?"

"Fim. In ya fita duniya ta gani, mutane za su riƙa zuwa kallon gidan. Shi da kansa zai zo ya ce Inna kar ki tashi. Na kalli finafinan da masu yin su ma ba su kalla ba. Na karanta littattafan da ake cire labarin daga ciki. Me ya rage?"

Na ce, "Ni ma na daɗe ina shiga mota, amma ban taɓa ce wa ubanka ya ba ni tuƙi ba."

Bai ji ba. Ya riga ya mayar da abin kunne. Daga ranar ya ce a riƙa kiransa Darakta, kuma sunan ya bi shi, ba don girmamawa ba.

Na tabbata Mai Haya zai kore shi da tsawa. Abin mamaki, yaron ya je ya dawo yana washe baki. Mutumin ya yarda, har ya ce a ba shi matsayi a ciki. Na yi ta juya abin a raina, don na san mutumin nan ko ƙusa ba ya bayarwa don Allah.

Aka taru a benci ana rabon matsayi. Mai Haya shi ne attajiri mai tausayi. Tela, wanda ke ɗakin da ke kallon nawa, shi ne talaka mai gaskiya. Mai Aski, mai shago a jikin gidan, shi ne mugu.

Mai Aski ya ce, "Don me ni ne mugu?"

"Fuska ce, Baba, ba laifinka ba ne."

Matar Mai Aski ta ce, "Ni kuma fa? Ko ba a sa mata?"

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke ce taron jama'a."

Ta ji daɗi, ta ɗauka babban matsayi ne. Sai ya juyo kaina.

"Kaka, naki ba wahala. Kwanciya kawai za ki yi ki mutu."

Na ce, "Ka yi haƙuri. In lokacin ya yi ba sai ka roƙe ni ba."

Tela ya tambaya me zai riƙa faɗa. Darakta ya yi dariyar da ake yi wa wanda bai je makaranta ba, ya ce fim ɗinsa ba magana a ciki, waƙa ce za ta yi magana, haka manya ke yi. Ya zare sandata daga bayan ƙofa ya kafa ta a bokitin yashi dab da benci, ya ɗaure wayarsa a jiki tana kallon tsakar gida. Wata ƙaramar waya kuma, wadda ya cika da waƙoƙi, tana aljihunsa, ita ke zuba masa kiɗa a kunne. Ya ce sai yana jin waƙar yake ganin fim ɗin a ransa.

Tela ya kalli wayar da ke jikin sanda ya ce, "Wannan abar ba ta jin magana?"

"Ni nake ba ta umarni. Ku faɗi duk abin da kuka ga dama. Waƙa zan ɗora a kai, ko tarin mutum ba za a ji ba."

Ku riƙe wannan maganar.

Farkon abin da ya nema ruwan sama ne, ga rana tsaka, ko gajimare babu. Ya ce a fim ba a jiran damina. Na ce ya yi istigfari. Kafin in ankara ya ɗauke bahon wankina ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ya kunna wayar ya bar ta tana ɗauka, ya hau rufin ɗakina. Taron jama'a, wato matar Mai Aski, tana miƙa masa ruwa a bokiti. Aikin Tela shi ne ya ratso tsakar gida cikin baƙin ciki ruwa na dukansa.

Tela ya ratso, kai a sunkuye. Ruwa ya zubo, amma ba a kansa ba. A kan igiya ya sauka, inda Tela ya rataye ɗinkin matar mai kanti da ya gama gugewa da safen nan. Ruwan kuma ya biyo tsatsar kwano. Tela ya ɗora hannu a ka ya fara zagaye wuri ɗaya yana salati.

Daga saman rufi Darakta ya ɗaga murya, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Haka nake so. Ƙara baƙin ciki, Baba Tela. Kai, mutumin nan ɗan wasa ne."

Ya ja da baya don ya ƙara gani da kyau. Ni a lokacin na shiga ɗaki ɗauko carbina. Sai na ji ƙarar kwano, na ɗaga kai na ga ƙafa ɗaya da takalmi tana lilo a saman gadona. Na gane takalmin. Na ɗauko tsintsiya na juya ta ta gindi, na yi wa ƙafar abin da ya kamata har ta koma inda ta fito.

Da ya sauko yana ɗingishi ya leƙa ɗakin, ya ga hasken rana a kan matashina.

"Kaka, kin samu taga ta sama. A wasu ƙasashen sai masu hali ke da irinta."

"Madalla. In hadari ya taso kai zan shimfiɗa a ƙarƙashinta."

Na jira Mai Haya ya fashe. Ya leƙa ramin, ya shafa gemu, ya ce, "Yaro ne. A bar shi ya nuna basirarsa." Sai ya dubi Tela ya ƙara da cewa, "Wanda aka yi wa ɓarna dai ya riƙe a ransa, akwai ranar magana."

Abu na gaba faɗa ne tsakanin mugu da talaka. Abin da Darakta bai sani ba, don ba ya jin abin da ake yi a gidan, shi ne Tela da Mai Aski sun daɗe da ƙullin juna a kan gashin aski da iska ke kwasowa ta zube a kan ɗinki. Ya tsaya tsakaninsu yana koyar da marin fim: hannu ya wuce ta gaban fuska, wanda aka mara ya juya kai. Ya gwada sau da yawa a iska. Ya ce a fara.

Hannun Mai Aski bai wuce ta gaban fuska ba. Har ni da ke benci na ji saukarsa.

Tela ya dafe kunci ya ce, "Wannan na fim ne ko na gaske?"

Mai Aski ya ce, "Na fim ne."

"To ga nawa fim ɗin."

Suka sarƙe. Suka tafi da igiyar shanya, suka bi ta kan bahon da aka huda, suka faɗa kan famfo kansa ya cire, ruwa ya yi sama. Taron jama'a ta shiga ciki da ludayi tana taya mijinta. Mutanen titi suka cika ƙofa. Darakta yana zagaye su yana kaɗa kai da kiɗan kunnensa, yana nuna musu babban yatsa. Sai ya yafito attajiri mai tausayi ya shigo rabo, shi kuma ya ɗauko kofin jinin da ya tanada zai watsa a ƙirjin Tela. Tela ya sunkuya. Kofin duka ya ƙare a gaban farar rigar Mai Haya.

Na ce, "Kai, mene ne wannan?"

Sai da na ja abin kunnen gefe na sake tambaya. Ya ce ragowar jan fentin da aka shafa wa ƙofa ne, ruwa ɗaya zai fitar da shi. Fentin mai ne. Har yau bai fita ba.

Mai Haya ya kalli rigarsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Sai ya haɗiye, ya yi murmushi ya ce, "Ba komai. A ci gaba."

Da muka shiga ɗaki na ce wa yaron, "Murmushin nan ba na alheri ba ne. Mutumin da ya taɓa tsayar da ni a rana a kan fasasshen kwan fitila, yau an ɓata masa riga yana cewa ba komai? Akwai abin da yake jira." Na yi ta magana. Da na juya, idonsa a rufe, yana kaɗa ƙafa.

Haka aka yi ta yi har ya ce ya gama ɗauka. Ya shige ɗaki da kwamfuta yana yanka yana haɗawa, waƙarsa a kunne, kwamfutar kuma ya kashe mata murya don kada ta dame shi. Ko sau ɗaya bai saurari abin da wayar ta kwaso ba. Ya fito ya bi layinmu gida gida yana gayyata. Har gidan Mai Haya ya je ya gayyato Hajiya, ya ce mata za ta ga mijinta yadda ba ta taɓa ganinsa ba. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Ranar nunawa, bayan la'asar, tsakar gida ta cika. Mata a tabarmi, maza a tsaye jikin bango. Aka ciro talabijin ɗin shagon Mai Aski aka ɗora a tebur, sifika a ƙasa. Hajiya ta zo, na ba ta kujerata na zauna kusa da ita. Mai Haya ya sa sabuwar riga yana amsa gaisuwa. Darakta ya fito da baƙin tabarau da wani ƙyalle a wuya, ga zafi, ya yi jawabi. Ya ce yau layin nan zai shiga tarihi, kuma duk wanda bai gane fim ɗin ba kada ya ji kunya, ba kowa aka yi wa shi ba.

Ga abin da ya faru, yadda aka yi min bayani daga baya. Shirinsa shi ne hoto ya fito a talabijin, waƙa kuma ta tashi daga ƙaramar waya ta fita ta sifika. Amma Mai Aski, da ya kawo talabijin, ya jona shi da sifikar da igiya yadda ya saba yi a shago. Ƙaramar wayar kuma da aka danna ta, sai ta kai waƙar inda ta saba kaiwa, wato kunnen mai ita. Ya ji waƙarsa tangaram, ya ɗauka kowa ita yake ji. Ya jefa rimot a aljihu, ya tsaya gefen talabijin yana fuskantar jama'a, ya harɗe hannu don ya ga yadda fim zai taɓa zukata.

Hoto ya fito. Ga Tela yana ratso tsakar gida cikin baƙin ciki. Sai sifika ta buɗe baki da muryar matar Mai Aski, kamar tana zaune a cinyar kowa.

"Dubi munafuki, wai shi mai gaskiya. Inna, kin ga labulen ɗakinsa? Duk yadin mutane ne. Kowa ya kawo ɗinki sai ya yanki rabonsa."

Sai muryata: "Ki faɗa masa a gabansa. Ni ba kwandon shara ba ce."

Duk wuyan da ke gidan ya juya ga ƙofar Tela. Labulen yana nan a rataye, kala kala, an jera shi gwanin kyau. Matar mai kanti ta miƙe ta matsa kusa.

"Wannan shuɗin nawa ne. Shi ya sa hannun rigar ya ɗage."

Wata ta ce, "Mai furannin nan na ƙasa nawa ne."

Tela ya miƙe zai yi magana, sai hoto ya canja. Ga Mai Aski yana zare ido irin na mugu, ga muryar Tela daga benci.

"Tawul ɗaya gare shi tun da ya buɗe shagon nan. In ka ajiye shi a ƙasa da ƙafarsa zai tafi. Ni ko kyauta ba zan miƙa masa wuyana ba."

Mazan da ke jikin bango suka fara shafa ƙeya. Dariya ta tashi. Kowa ya san ya kamata a kashe abin, amma kowa yana so ya ji na maƙwabcinsa tukuna. Darakta ya ga haƙora a waje, ya ga Tela a tsaye, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna.

Sai ga attajiri mai tausayi ya fito yana raba wa iska sadaka, ga muryar Mai Aski ƙasa ƙasa, amma sifika ba ta san ƙasa ƙasa ba.

"Kun ga gemun nan? Aikina ne. Sai na rufe shago yake shigowa ta baya in shafa masa baƙi. Wai ya ce wa Hajiya su a danginsu ba a furfura."

Na ji kujerar da ke kusa da ni tana girgiza. Hajiya ce, ta rufe baki da mayafi. Mai Haya ya zabura.

"A kashe abin nan."

Hajiya ta ce, "Zauna. Yanzu ya fara daɗi."

Darakta ya ga attajirinsa ya miƙe yana nuna talabijin, ya ɗaga masa hannu ya ce da ƙarfi, "Kar ka gode min tukuna, Alhaji. Na gaba ya fi."

Na gaban shi ne abin da ya fi alfahari da shi. Hoton famfon nan ne da aka ɗaure wa kai da roba yana ɗiga, ba mutum ko ɗaya. Ranar ya bar wayar tana ɗauka kowa ya tafi cin abinci, da ya gani kuma ya ce wannan shi ne zuciyar fim ɗin, ya ƙi yanke ko kaɗan. Ashe ba kowa ne ya tafi ba. Aka ji benci ya yi ƙara, aka ji gyaran murya, sai muryar Mai Haya yana waya.

"Ka ƙara haƙuri, ɗakin bakin titin naka ne. Ka fara sayen katakon kantar shagonka. Rufin? Da gangan na bar shi. Na ɗauka yoyo zai kore ta, ashe tsohuwar kamar dasa ta aka yi. Yanzu jikanta ne zai yi min aikin. Na sakar masa ya gama ɓarnarsa, 'yan haya su kawo ƙara, in ce ba yadda zan yi. Hajiya? Ina za ta sani, ita da ba ta leƙa gidan."

Dariya ta ɗauke. Ba abin da ake ji sai ɗigar famfo a sifika. Kujerar kusa da ni ta daina girgiza.

Darakta ya ga gida ya yi tsit, ido duk a waje. Ya cire tabarau ya share gefen idonsa.

"Kun gani? Famfon nan rayuwar talaka ce."

Na dafa gwiwa na miƙe. Ba sanda, don har lokacin tana cikin bokitin yashi. Na ratsa tabarmi a hankali na isa gabansa. Ya sunkuyo da kai, ya ɗauka albarka zan sa masa. Na cire abin daga kunnensa. Farkon abin da ya ji a fim ɗinsa shi ne ƙarshen wayar Mai Haya.

"Yaron? Ai ba shi da hankali ko na kaza. Ya ɗauka shi wani ne."

Ya kalli sifika. Ya kalli abin da ke hannuna, waƙa na fita daga ciki siririya kamar kukan sauro. Ya fara laluben rimot, ya ciro ƙaramar waya, ya ciro tabarau, ya ciro ƙyalle. Mai Aski ne ya zare igiyar daga bango.

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, ɗakin nan naki ne har ranar da kika ce kin gaji da shi. Daga yau ni zan riƙa zuwa gidan nan da ƙafata." Ta dubi mijinta. "Kai kuma mu je. Akwai maganar shago, akwai maganar danginku da ba a furfura."

Ya bi ta a baya, ba taku, ba kaɗa riga.

Suna fita gida ya kaure. Mata sun kewaye labulen Tela kowa na nuna nata. Tela na nuna matar Mai Aski, Mai Aski na nuna Tela, matarsa na cewa ita da Inna take magana ba da duniya ba. Ana cikin haka wani ya tambaya wa ya ce wayar ba ta jin magana. Sai duk yatsun suka koma wuri ɗaya.

Kun san abin da yaron nan ya yi? Ya mayar da tabarau.

"Jama'a, ai da gangan na yi. Akwai irin wannan fim ɗin, na tona gaskiya. Sai wanda ya yi karatu mai zurfi ke gane shi. Kaka, ni na ceto miki ɗaki."

Na ce, "Wa ya cire maka abin kunne?"

Ya shiga gyara zaman tabarau.

"Da na bar ka, da har yanzu kana nan kana rusuna wa famfo."

Na sa aka kira min ubansa a waya na zayyana masa komai. Yana kan hanya, ana jin ƙugin mota. Ya ce, "Inna, duk abin da kika yanke, ki ƙara a kai." A bencin nan aka yi shari'ar, kowa ya faɗi nasa.

Sifika ta tafi kasuwa ta dawo a matsayin kwanon rufi, kan famfo da sabon baho. Shi ya ɗauko kwanon a ka, shi ya miƙa wa kafinta, ya wuni a rana yana riƙe ƙusa. Tela ya ce tunda ya jiƙa guga, gugar ɗinkinsa ta koma hannun yaron har hutu ya ƙare, kuma shi zai warware labulen ya kai wa kowace mace ƙyallenta har gida, da sallama da ban haƙuri. Hajiya ta aiko da rigar fenti ta ce ya riƙa wanke ta kullum da safe har ranar da ruwa ɗaya zai fitar, yadda ya faɗa. Mai Aski bai nemi komai ba sai kan. Ya zaunar da shi a tsakar gida, ya yafa masa tawul ɗin nan da aka yi magana, ya sauke kwandon sumar tas. Kunnuwa biyu suka fito fili, manya, lafiyayyu, ba abin da ya same su.

Littattafan ban hana shi ba. Amma yanzu a benci yake karantawa, da ƙarfi, in ji. In mutanen cikin littafin suka yi rashin kunya in tsayar da shi in faɗi abin da ya dace da su, shi kuma ya ce, "Haka ne, Kaka," sannan ya ci gaba. Kallon fim kuma sai ya gama duk aiken da na yi masa.

Abin kunnen yana wurina. Ranar da zai koma makaranta ya durƙusa ya roƙe ni, ya ce ko a mota ne ya ɗan ji waƙa. Na ce motar akwai mutane a ciki, ya saurare su. Ya tafi da kansa a aske, kunne a buɗe. Abin kuma na samar masa aiki: da shi nake maƙale labulen tagata in ina son iska. Yana riƙewa sosai.